Awon hawan jini a kemis: Abin da ke gaban mutanen Kilomita Biyar ta Bangui

Duk wanda ya bi labarin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya daga shekarar 2013 zuwa yau, ba zai rasa jin sunan unguwar Kilomita Biyar ba, wadda mutanen Bangui ke kira PK5 ko KM5. Ita ce babbar kasuwar birnin, kuma ita ce matattarar Musulmi, wato Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da sauran 'yan ƙasar da fatauci ya haɗa su wuri guda tun zamanin Turawan Faransa. A nan ne Babban Masallacin Koudoukou yake, wanda marigayi Paparoma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamban 2015, a lokacin da 'yan bindigar anti-balaka suka yi wa unguwar ƙawanya, har ta kai ga fita daga cikinta tamkar sayar da rai ne. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta a wancan lokaci cewa daga cikin Musulmi kimanin 122,000 da ke Bangui kafin rikicin, waɗanda suka rage a wannan unguwa ba su wuce 15,000 ba.

Alhamdu lillahi, wancan ƙangi ya wuce. Tun bayan faɗan da aka gwabza a watan Disamban 2019 tsakanin 'yan kasuwa da matasan da ke karɓar kuɗi a hannunsu da sunan tsaron unguwa, wanda ya ci rayuka fiye da 30, ƙura ta soma lafawa, jama'a da dama sun dawo, kasuwa ta ci gaba da ci. To amma akwai wani mai kisa da bai bar unguwar ba, wanda ba ya ɗaukar bindiga, kuma rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSCA, ba ta da hurumin kama shi. Muna nufin hawan jini, ko tansiyo kamar yadda masu amfani da Faransanci ke cewa. Wurin da akasarin magidanta ke fara sanin suna ɗauke da shi, idan har sun sani ɗin, shi ne kan bencin mai sayar da magani.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A shekarun da aka yi ana yaƙi, taimakon lafiyar da ya shiga Kilomita Biyar ya tafi ne ga waɗanda suka fi kusa da mutuwa a ranar. Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, MSF, ta yi aikin kula da yara a asibitin Mamadou Mbaïki, ta kuma riƙe ɗakin haihuwa na Gbaya Dombia, duk a cikin unguwar. Fadar Paparoma ta tallafa wajen gyara asibitin yara na Bangui, aka ƙaddamar da aikin a 2019. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Shugaba Faustin-Archange Touadéra ta fito da dokar jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu juna biyu da masu shayarwa da waɗanda aka ci zarafinsu. Babu mai hankalin da zai soki wannan. Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe yara, dole ta fara da yara. Sai dai idan muka duba da kyau, za mu ga an bar mutum guda a baya: Alhaji ɗan shekara 50 mai shagon atamfa, wanda yake ciyar da mutum goma sha biyar, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba, kuma yake jin garau yake. Shi da uwargidansa ba su shiga cikin kowane tsari ba.

Ga kuma ƙarancin likitoci. Ƙasar na cikin waɗanda ba su da ko likita ɗaya ga kowane mutum 10,000, kuma masana harhaɗa magunguna masu takardar shaida tsiraru ne. Wannan giɓi ne ya haifar da ƙananan shagunan maganin da ake kira mini-pharma a Bangui, waɗanda doka ba ta san da zamansu ba, amma talaka ya sani. Mu a nan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin kemis ɗin bakin layi a Fagge ko Tudun Wada, da mai tallan magani a kan tire a kasuwar Maraɗi, duk 'yan gida ɗaya ne da su. Wanda ya shafe shekaru ba ya iya ƙetare iyakar unguwarsa zuwa babban asibiti a cikin gari, ya saba da zuwa wurin mai magani, kuma sabo ba ya fita don an daina harbi. Bugu da ƙari, lissafin ɗan kasuwa a fili yake: zuwa asibiti na nufin rufe shago wuni guda, kuɗin mota, kuɗin kati da bin layi, alhali ga mai magani nan taku ashirin, a cikin minti uku ya ɗaura maka na'ura ya faɗa maka lamba.

Shin wannan abin ƙi ne? A ganinmu a'a, kuma hujja tana tare da mu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, cewa kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, kuma huɗu daga cikin biyar ba sa samun maganin da ya dace. Ciwo ne da yawanci ba ya nuna alama. Ciwon kai da jiri da mutane ke jira kafin su je awo, sau da yawa ba sa zuwa, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta kumbura, ko ƙoda ta daina aiki, sannan a ce ai jifa aka yi masa ko iska ta buge shi. Tunda haka ne, duk wurin da za a ɗaura wa mutum na'ura alheri ne. Ita kanta hukumar, a ƙa'idojin da ta fitar a 2021, ta amince ma'aikatan da ba likitoci ba, kamar nas-nas da masana harhaɗa magunguna, su riƙa bayar da maganin hawan jini, muddin an horar da su, an ba su izini, akwai rubutaccen tsarin da suke bi, kuma akwai likitan da ke sa ido a kansu. Ingila, da duk yawan likitocinta, ta soma awon hawan jini kyauta a kantunan magani ga 'yan shekara 40 zuwa sama tun watan Oktoban 2021.

Akwai wani gwaji da aka yi a birnin Los Angeles na Amurka, aka buga sakamakonsa a 2018, wanda ya kamata shugabannin Kilomita Biyar da namu na Kano su san da shi. An zaɓi shagunan aski 52 na baƙaƙen fata, aka raba su gida biyu. A kashi na farko, wanzamai suna yi wa masu hawan jini nasiha su gyara abinci su kuma je ganin likita. A kashi na biyu, an kawo masanin harhaɗa magunguna cikin shagon yana ganin mutum, yana rubuta masa magani bisa yarjejeniya da likitansa, yana kuma bibiyar sa. Bayan wata shida, lambar sama ta waɗanda aka yi wa nasiha ta sauka da maki 9, ta waɗanda aka bibiya kuwa ta sauka da maki 27. Wato kai aikin inda mutane suke zama yana da amfani ƙwarai, amma sanin lamba da jin nasiha kaɗai ba su taka kara sun karya ba. Bibiya da magani ne suka kawo bambancin.

A nan ne gizo ke saƙar. Awon da ake yi a yawancin shagunan magani, a Bangui ne ko a garuruwanmu, yana tsayawa ne a kan lamba, kuma ita kanta lambar sau da yawa ba ta gaskiya ba ce. Ƙa'idar awo sananniya ce. Mutum zai zauna shiru na minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a ɗore kan tebur daidai da ƙirjinsa, ba ya magana, ba ya jin fitsari, kuma bai sha sigari ko kofi ko shayi mai kauri ba, bai ci goro ba, a cikin rabin sa'ar da ta wuce. Ɗamarar da ake naɗawa a damtse dole ta yi daidai da kaurin hannun, domin idan ta yi ƙanƙanta ga mai jiki, lambar za ta haura fiye da yadda take. Sannan ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya. Sai an auna a ranaku biyu mabambanta an samu lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90. Yanzu mu kwatanta wannan da abin da muka saba gani: mutum ya sauko daga babur cikin rana, goro a baki, waya a kunne yana rigima da yaronsa kan kayan da suka maƙale a kan iyaka, ya miƙa hannu a tsaye a kan rigarsa, a ɗaura masa na'urar da ba a san ko an taɓa tantance ingancinta ba. Lambar da za ta fito za ta iya sa mai lafiya ya fara shan maganin da ba ya buƙata, ko ta sa mai ciwo ya koma shago da kwanciyar hankalin ƙarya.

Wani ƙaramin abu da ke rikita fatake shi ne yadda ake faɗin lambar. A Bangui da Yamai da Maraɗi da Garwa, inda aka gaji tsarin Faransa, za a ce maka jininka 14 da 9 ne. A Kano da Zariya za a ce 140 da 90. Abu ɗaya ne, sifiri kawai aka cire. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, wanda aka ce masa 17 da 10 a Kilomita Biyar, ya sani cewa 170 da 100 ake nufi, kuma wannan ba lambar da ake ɗage wa magana zuwa bayan Sallah ba ce. Idan kuwa ta kai 18 da 12, ga ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ko nauyin harshe ko mutuwar hannu ko dishi-dishin gani, to zance ya bar hannun mai kemis, sai asibiti a take.

Sai kuma abin da mutane ba su cika son a faɗa ba. Mai awon shi ne mai sayar da maganin. Ba muna cewa duk mai shagon magani macuci ne ba, da yawansu sun ceci rayuka a lokacin da babu kowa. Amma wanda abincinsa ke fitowa daga ciniki, da wuya ya ce maka ka dawo jibi a sake aunawa, ko ka tafi asibiti, alhali ga ƙwayoyi a kan kanta kuma ga kuɗi a hannunka. Abin da ya fi yawa shi ne a yanko maka ƙwaya goma, a ce ka sha jinin ya sauka. Ka sha, ka dawo bayan mako guda, na'ura ta nuna ya sauka, ka ce ka warke, ka daina. Ko shakka babu wannan fahimta ta fi komai kashe mutane. Mun saba da zazzaɓi, wanda ake sha wa magani kwana uku a rabu da shi, shi ya sa muke yi wa hawan jini irin wannan kallo. Alhali maganinsa riƙe shi yake yi, ba ya kawar da shi, kuma ga mafi yawan mutane abin sha ne na kullum har ƙarshen rayuwa. Ko a watan azumi ba a ajiye shi, sai dai a nemi shawarar ma'aikacin lafiya a mayar da shi lokacin sahur ko buɗe baki.

Wani abin takaici shi ne, a kan wannan kanta da aka auna ka ake sayar da abubuwan da ke ƙara hawan jinin. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da 'yan dako da direbobi da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke sha kamar gyaɗa, suna ɗaga jini kuma suna yi wa ƙoda lahani idan an daɗe ana sha. Haka dexamethasone da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. A gida kuma ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa da busasshen kifi mai gishiri, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum a wuni bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin miya da burodi.

Mu ɗauka an auna daidai, mutum ya yarda zai riƙa sha kullum. Wane magani zai samu? A 2017 an buga sakamakon wani bincike da aka yi kan magungunan zuciya da na hawan jini a ƙasashen Afirka 10, ciki har da Nijar da Benin da Kongo biyu, inda aka gwada samfuri 1,530 da aka saya daga kantuna masu rajista da kuma kasuwannin titi. Kashi 16 cikin 100 ba su cika inganci ba, kuma waɗanda suka fi lalacewa su ne amlodipine da captopril, inda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suka gaza. Abin ya fi ciwo idan muka tuna cewa gwajin da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, wanda aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ne ya fi saukar da jinin baƙar fata. Wato maganin da ya fi yi mana aiki yana cikin waɗanda aka fi gurɓatawa. Jabun maganin zazzaɓi yakan tona kansa cikin kwana biyu, domin zazzaɓin ba zai sauka ba. Jabun maganin hawan jini kuwa mutum zai iya shekara yana sha bai sani ba, in dai ba yana komawa awo ba.

Ga Bangui akwai ƙarin matsalar hanya. Ƙasar ba ta da teku, kuma akasarin kayan da take shigowa da su, har da magani, suna biyo titin da ya taso daga tashar jiragen ruwan Douala ta Kamaru, tafiyar sama da kilomita 1,400. Idan ba a manta ba, a watan Disamban 2020 'yan tawayen ƙawancen CPC na tsohon shugaba François Bozizé sun toshe wannan titi, manyan motoci fiye da dubu suka maƙale a garin Garoua-Boulaï na kan iyaka, sai a watan Fabrairun 2021 aka soma samun wucewa da rakiyar soja. Farashin albasa da siminti kowa ya gan shi ya yi kuka. Wanda ƙwayarsa ta ƙare a cikin waɗannan makonni, ba a sa shi cikin lissafin yaƙi ba. Kuma idan ƙoda ta lalace, sai a 'yan shekarun nan ne ƙasar ta samu cibiyar wankin ƙoda ta farko a Bangui da tallafin Bankin Raya Afirka. Kafin nan sai mai hali ya nufi Kamaru, marar hali ya koma gida.

To mene ne abin yi? Hukumomi a ƙasashenmu sun fi son hanya mai sauƙin nunawa a talbijin, wato samame da rufe shaguna da ƙona magunguna. Tsaftace hanyar shigowar magani wajibi ne, kuma matakin da aka ɗauka a Kano a watan Fabrairun 2024 na tayar da dillalan magani daga kasuwar Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro, duk da ƙorafin da ya biyo baya, ya kama hanyar da ta dace, domin daga wurin dillali ake fara gyara. Amma rufe ƙaramin shago a unguwar da babu likita, bai ƙara wa kowa lafiya ba, ya dai kashe na'urar awo guda ɗaya. Abin da ya fi dacewa gwamnatin Bangui ta duba shi ne irin shirin da Nijeriya ta fara a jihohin Kano da Ogun a 2020 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives, inda aka sauke jinyar hawan jini zuwa ƙananan asibitocin unguwa, aka ba ma'aikatan tsari guda mai sauƙi: a fara da wannan ƙwaya, idan bayan wata ɗaya jini bai sauka ba a ƙara wancan, idan ya ƙi a tura gaba. Kilomita Biyar tana da ƙananan asibitocin da za su iya ɗaukar wannan aiki. Sai a raba aiki a fili: mai shagon magani da aka horar ya auna bisa ƙa'ida, ya rubuta, ya tura. Asibitin unguwa ya tabbatar ya rubuta magani. Mai shago ya sayar da abin da aka rubuta daga dillalin da aka amince da shi, ya ci gaba da awon wata-wata. Ribarsa ba ta ragu ba, domin ya samu mai sayen da zai riƙa zuwa kowane wata na shekaru.

Mun ambaci Masallacin Koudoukou tun farko ba don tarihi kawai ba. A unguwar da hukuma ta shafe shekaru ba ta da ƙarfi, limamai da shugabannin kasuwa ne ake jin maganarsu, kuma su ne suka tsaya wajen sulhu lokacin da abin ya ƙazanta. Babu wani wuri a Bangui da ke tara magidanta 'yan shekara 40 zuwa sama a sa'a guda kamar harabar masallacin ran Juma'a. Abin da wanzaman Los Angeles suka yi, kwamitin masallaci zai iya yin irinsa da kuɗi kaɗan: tebur da kujeru masu majingina a inuwa, na'urori biyu ko uku da aka tantance masu ɗamara babba da ƙarama, nas guda daga asibitin unguwa, da ɗan kati da kowa zai riƙe a aljihu ana rubuta masa kwanan wata da lamba da sunan ƙwayar da yake sha. Wannan kati shi ne zai bi shi zuwa kemis, zuwa Garwa, zuwa Kano. Attajiran da ke sayen tabarmi da lasifika, sayen na'urar awo ba zai gagare su ba. Kuma idan liman ya faɗa a kan mumbari cewa shan ƙwaya kullum ba ya warware tawakkali, ya yi aikin da likita goma ba za su iya ba.

Sai dai taron Juma'a na maza ne galibi, kuma a nan dabarar take da rauni. Matan da ke cikin gida ba su cika zama kan bencin mai kemis ba, yaro ake aika ya sayo musu maganin ciwon kai. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna mata fiye da 800 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Afirka ta Tsakiya, kuma hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga, yana cikin manyan dalilan mutuwar mata wajen haihuwa a ko'ina a nahiyar nan. Mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura tana ciwon kai, asibiti za a kai ta, kuma wasu ƙwayoyin hawan jini irin su captopril da lisinopril suna yi wa ɗan tayi illa, don haka kuskure ne babba maigida ya gutsura mata daga cikin nasa. Saboda haka duk na'urar da kwamiti zai saya wa harabar masallaci, ya sayi irinta ya damƙa wa malaman Islamiyyar mata da unguwarzoma, tare da horon da aka ba mazan da kuma sunan asibitin da za su riƙa tura wadda lambarta ta kai 14 da 9.